Ku Tambayi Anti Nas: An kulle inhelar ɗana a kilinik ɗin makaranta

TAMBAYA: Salam Anti Nas, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 11 kuma yana da asma, wannan zangon muka kai shi makarantar kwana sai suka karɓe inhelarsa ta shaƙar magani wai doka ce ba a barin yaro da magani a hannu, komai a kilinik ake ajiyewa, da na bincika kuma ashe nas ɗin ƙarfe huɗu take tashi. Wlh tun ranar ba na barcin kirki. In je in yi magana ne ko za a ce na fiya fitina?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki je, kuma kar ki jira ranar bizitin. Dokar tasu ba banza ba ce, yara kan ba junansu magani ko su sha ya wuce kima, amma inhelar gaggawa, shuɗiyar nan ta salbutamol da aka fi sani da Ventolin, ba ta cikin wannan lissafin. Asma ta fi tashi cikin dare ko da asuba ko a filin wasa, daidai lokacin da nas ba ta nan kenan, kuma duk amfanin maganin shi ne ya buɗe hanyar numfashi cikin 'yan mintuna, to in sai an taso mai makulli daga gida ina amfanin? A Ingila ma tun 2014 aka ba makarantu damar ajiye inhelar ko-ta-kwana saboda yaron da tasa ta ƙare ko ya manta ta.

Kar ki je da baki kawai. Ki karɓo takarda wajen likitansa, a rubuta sunan maganin da yawan shaƙar da zai yi da abin da ke tayar masa, da alamun da in an gani sai asibiti, misali ya kasa gama magana saboda haki, ko leɓensa ya canza kala, ko ya shaƙa bai ji sauƙi ba. Kwafin takardar ɗaya wajen nas, ɗaya wajen mai kula da ɗakin kwanansu, ɗaya wajen malamin wasanni. Inhela biyu za ki tanada, ɗaya a aljihunsa ɗaya a kilinik. Ta rigakafi da ake shaƙa kullum, ita kam ba laifi nas ta riƙe ta tana sa masa ido, don yara akwai mantuwa. Sannan ki tambaye su kai tsaye, waye ke kula da marar lafiya da dare, akwai mota, wane asibiti suke kai yara? In suka fara kame-kame to kin san inda kika tsaya. Af, in yana buƙatar shuɗiyar sau uku ko fiye a sati, asmar ba ta kwanta ba, a koma wa likita.

TAMBAYA: Anti ni malami ne, wata ɗalibata ta faɗi a aji tana jijjiga, yara duk suka watse wani kuma ya ce a sa mata cokali a baki. Daga baya muka ji ashe ta daɗe da farfaɗiya iyayen ne suka ɓoye. Me ya kamata mu yi?
Daga wani malami

AMSA: Malam, kar a sa komai a bakinta, mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya mata. Kar a danne ta, kar a ba ta ruwa sai ta dawo hayyacinta sarai. A janye benci da duk abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, a duba agogo, in jijjigar ta tsaya a juya ta ta kwanta ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi kafin ta farfaɗo, ko ta ji rauni, asibiti nan take. Ka faɗa wa 'yan ajin ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko taɓawa. Iyayen kuma kar ka yi musu faɗa, tsoron tsangwama ne ya sa su, a haɗa su da nas a keɓe a buɗe mata fayil, a san maganin da take sha da lokacinsa.

TAMBAYA: Makarantarmu ƙarama ce, malama ɗaya ce ke riƙe akwatin magani. Dole ne sai mun ɗauki nas?
Daga wata shugabar makaranta

AMSA: Ranki ya daɗe, aikin nas ya wuce miƙa farasitamol. Ita ke duba katin rigakafi, ta gano yaron da ba ya ganin allo, ta san wanda za a tura gida kar ya yaɗa cuta da wanda zai koma aji. Dalilin da ya sa aka fara sa nas a makaranta ma kenan a New York a 1902, da aka tura wata nas Lina Rogers makarantu saboda yawan yaran da ake kora gida kan cutukan da za a iya magancewa. In ba hali, ku yi yarjejeniya da asibitin da ke kusa nas ta riƙa zuwa, malamar kuma a tura ta horon taimakon gaggawa. Ku cire asfirin daga akwatin nan, ba a ba yaron da bai kai 16 ba sai da umarnin likita, kuma duk maganin da aka bayar a rubuta suna da lokaci a sanar da iyaye.