Rigimar kwata ta kai ga nuna wuƙa

Assalamu alaikum Anti. Tun farkon damina muke sa-in-sa da maƙwabtanmu a kan kwata. Sun ɗaga dakalinsu ya toshe hanyar ruwa, da an yi ruwan sama sai ya dawo zaurenmu. Shekaranjiya maigidana ya je yi musu magana, babban ɗansu ya ɗaga riga ya nuna masa wuƙa, ya ce zai gani. Maigidan nawa mai zafin zuciya ne, ƙannensa kuma sai zuga shi suke a tara samari a je a rama. Ko barcin kirki ba na yi. Yaya zan yi?

Uwar yara uku, Kano

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Maganar kwata ta sulhu ce, amma nuna wuƙa laifi ne a doka, kuma shi za a fara tunkara.

Ki fara da cikin gida. Da zarar samari sun taru ba mai iya janyewa, kowa na gudun a ce ya ji tsoro, in kuma jini ya zuba har maigidanki za a kwashe. Ki sa wanda ba ya iya yi wa musu ya tsawatar, mahaifinsa ko limaminku. Ke kuma kada ki tare shi yana huci, ki bari ya ci abinci ya nutsu. "Ka yi haƙuri" kaɗai ba ta isa, zai ji kamar an ce ya sunkuya. Ki ce masa: "Girmanka ya wuce a kai ka caji ofis saboda yaron nan."

In sun haɗu a hanya, ya bar tazarar taku uku zuwa huɗu, ya tsaya a ɗan karkace, hannayensa a buɗe inda za a gan su. Ban da nuna yatsa, ban da cin kwala, kuma kada ya tare wa yaron hanyar wucewa, don wanda aka matse shi ke fara kai hannu. In wuƙa ta fito kada ya kuskura ya ce zai ƙwace, nan ake samun mummunan yanka. Ya ja da baya yana kallonsa, ya sa benci ko babur a tsakaninsu, ya nufi inda jama'a suke, a kira lambar gaggawa ta 112.

Yau ɗin nan ku rubuta rana da lokaci da abin da yaron ya faɗa, ku nemi mutum biyu da suka gani, maigidan ya kai wa mai unguwa, ya kuma shigar da rahoto a ofishin 'yan sanda. Wasu kan ce kai maƙwabci hukuma abin kunya ne. Ni ban yarda ba, in dai an nuna makami.

Sai zaman sulhu, da uban yaron za a yi, ba da yaron ba, kuma da rana, a gaban mai unguwa. In ya gagara akwai dagaci, akwai hakimi, Hisbah ma tana sulhu. A wajen zaman maigidanki ya faɗi ɓarnar da aka yi masa: "Ruwa ya jiƙa mana katanga, ga hoto." Da ya ce "ku mugaye ne" ko ya tono tsohon faɗa, zama ya watse. Ya bar su su gama bayani ko da bai yarda ba, sannan ya kawo mafita: birkila ya duba gangaren, a binne bututu a ƙarƙashin dakalin, a raba kuɗin. A rubuta abin da aka amince da ranar da za a yi aikin, kowa ya sa hannu.

Ke kuma ki daina amsa habaici ta katanga, kada ki sa komai a WhatsApp, ki hana yara tsokana ko wasa a ƙofarsu har a gama.