Amsa: Hoton awakina ya ƙi shiga, wai ya yi nauyi

Malam, ka ce hoton jajayen awakinka ya ƙi hawa intanet saboda nauyi. Wayarka lafiya lau take. Kyamarar megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto), nauyinsa ya kan kai MB 3 ko fiye, ga rezo ɗinmu na Maradi sai a hankali.

Fara yanke gefe, ka bar awakin kawai. Sannan ka rage faɗin zuwa fiksel 1200, tsawon ya bi shi da kansa, kada awakin su fito a lotse. Ajiye shi a nau'in fayil na JPEG, domin nau'in PNG nauyi gare shi.

In kana sauri, tura wa kanka ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi. Don Allah kada ka goge na asalin, wanda aka matse ba ya komawa yadda yake.