Tambaya da Amsa: GRADISTAT ta ba ni lambobi, malamina ya ƙi karɓa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ta digiri na biyu, ina bincike kan yashi da lakar da wani kogi ke ajiyewa a gaɓarsa. Na ɗebo samfuri 24, na busar, na rairaye su da jerin rariya daga milimita 2 zuwa maikiron 63 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Na sauke GRADISTAT, manhajar lissafin girman ƙwayoyin yashi da laka, da farko maɓallin lissafi ya ƙi motsi, sai da wani ya taɓa min kwamfutar sannan ya yi aiki, ban kuma san abin da ya taɓa ba. Lambobi sun fito, amma malamin da ke duba aikina ya dawo min da babin, ya ce bai yarda da sakamakon samfuran gangare ba, inda ruwa ya lafa. A waɗannan samfuran abin da ke zuba cikin kwanon da ke ƙarƙashin rariyoyin yana kai giram 25 zuwa 30 cikin giram 100. Wani ya ce min laifin manhajar kyauta ne, in biya shi ya sa min wata mai tsada, ya kuma gyara min lambobin. Saura mako shida in kare aikina, ko barci ba na iyawa. Manhajar ce ba ta da kyau, ko wurin sa ta aka yi kuskure?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, mako shida ya isa, muddin ba ki zubar da abin da ke cikin kwanon nan ba. Manhajar lafiyarta ƙalau, ba a kuma yi kuskure wurin sa ta ba. Malaminki yana da gaskiya.

Bari mu sallami maganar maɓalli da sauri. GRADISTAT ba manhaja ce da ake girkawa kamar sauran ba, fayil ne na Excel mai makiro a ciki, wato 'yan umarnin da ke yin lissafin da kansu, wanda Simon Blott da Kenneth Pye suka fitar a 2001. Tun 2022 Microsoft ke toshe makiro a duk fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet. Abin da mutumin ya yi miki bai wuce wannan ba: ya danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin, ya shiga Properties, ya sa alama a Unblock, ya sake buɗewa ya danna Enable Content. Ki koyi yin haka da kanki. Abu biyu kawai za ki ƙara dubawa. Girman ramin rariya da maikiron ake shigar da shi, wato 2000, ba 2 ba. Nauyin da za ki rubuta kuma shi ne wanda ya tsaya a kan kowace rariya ita kaɗai, ba jimlar da aka tara daga sama ba. In kwamfutarki waƙafi take amfani da shi a madadin ɗigo wajen rubuta 12.5, ki daidaita wannan ma, don Excel na iya ɗaukar lambar a matsayin rubutu ya tsallake ta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum sai na yi fama da shi: mutane sun ɗauka idan manhaja ta karɓi lambobi ba ta yi gardama ba, ta fitar da amsa mai lamba uku bayan ɗigo, to amsar gaskiya ce. Manhaja ba ta taɓa ganin yashinki ba. Abin da ta sani shi ne abin da rariya ta faɗa mata, rariya kuwa iyakar saninta maikiron 63. Duk abin da ya wuce ta ya faɗa kwano, labarinsa ɗaya ne a wurinta: ya fi 63 ƙanƙanta. Ko maikiron 50 ne, ko 5, ko rabin maikiron, ba ta da masaniya. Amma za ta ba ki lamba duk da haka, don aikinta ke nan.

Ki ɗauko takarda mu yi lissafin tare, don ki gani da idonki. Kin san hanyar Folk da Ward ta 1957, wadda suka gina a kan yashi da tsakuwar kogin Brazos a Teksas. Alamar φ ma'aunin girman ƙwaya ce wadda lambarta ke ƙaruwa yayin da ƙwaya ke ƙanƙancewa, maikiron 63 kusan 4φ ke nan; φ16 kuwa shi ne girman da kashi 16 cikin 100 na samfurin ya fi shi girma, haka ma sauran. Matsakaicin girma shi ne φ16 a haɗa da φ50 da φ84 a raba gida uku. Daidaituwar ƙwayoyi kuma, wato yadda girmansu ya kusanci juna, ita ce φ84 a cire φ16 a raba da 4, a haɗa da φ95 a cire φ5 a raba da 6.6. To a ce samfurinki giram 100 ne, giram 28 ya tafi kwano. Rariyoyinki sun auna kashi 72 cikin 100 ke nan, suka tsaya a 4φ. Ina φ84 yake? Cikin kwano. Ina φ95? Cikin kwano. Biyu daga cikin lambobi huɗu da ake auna daidaituwa da su suna wurin da ba ki auna ba.

Mu ƙaddara φ5 ɗinki 1.5 ne, φ16 ya zama 2, φ50 kuma 3.2. Idan garin kwanon duk silit ne mai kauri (silit shi ne garin da ke tsakanin yashi da yumɓu a girma), tsakanin 4φ da 5φ, φ84 zai faɗo kusa da 4.4, φ95 kusa da 4.8. Daidaituwa ta zama 1.1, matsakaici 3.2φ, wato yashi mai laushi ƙwarai. Idan kuwa yumɓu ya yi yawa a ciki, a ce φ84 ya kai 7, φ95 ya kai 10, daidaituwa ta tashi zuwa 2.5, matsakaici ya haura 4φ, samfurin ya bar gidan yashi ya koma gidan silit. Giram 28 ɗin nan bai canza ba, sikelinki bai yi ƙarya ba, amma labari biyu ne daban game da ƙarfin ruwan da ya ajiye shi. Wanne ne gaskiya? Babu manhajar da za ta gaya miki, ta kyauta ko ta kuɗi. Ki sa lambobin nan a G2Sd ta cikin manhajar ƙididdiga ta R, ki sa su a duk abin da kika ga dama, kowacce za ta cike giɓin da nata ƙiyasin.

Ƙa'idar ba ta da wuya: da zarar kwano ya wuce kashi 5 cikin 100, φ95 ya shige ciki, kuma daidaituwa da karkata da tsini na Folk da Ward, wato ma'aunan siffar zanen rabon girman ƙwayoyi, sun zama ƙiyasi. Ya wuce kashi 16, matsakaici ma ya bi su. Hanyar moment, ɗaya hanyar lissafin da manhajar ke bi, ta fi wannan saurin lalacewa, don ita kowane aji take sawa a lissafi, tana kuma ninka nisansa daga tsakiya da kansa sau biyu, sau uku, sau huɗu. Ɗan garin da ke can wutsiya shi ke jan amsar.

Shi kuma mai cewa zai gyara miki lambobi, kada ki ba shi ko sisi, kada ki ba shi fayil ɗinki. Irinsu na sha ganin aikinsu, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na gani. Wani ya share layin kwano gaba ɗaya, ya mai da giram 72 ya zama kashi 100, sai ga lakar gangare ta fito da daidaituwa irin ta yashin tudun sahara. Wani ya raba nauyin kwano a kan maikiron 31 da 16 da 8 da 4 daidai wa daida, kamar an auna, alhali ko kwalba ba a taɓa ba. Wannan ƙirƙirar bayanai ne, ko da wane suna aka kira shi. Kuma abin ba ya tsayawa a kundin digiri. Da irin waɗannan lambobin ake lissafin yadda laka za ta cike madatsar ruwa, da inda kogi zai ci gaɓa, da yadda ƙarafa masu guba ke tafiya, tunda a jikin yumɓu da silit suka fi maƙalewa, ba a jikin yashi ba. Wanda ya share kwano ya share daidai ɓangaren da ya fi ɗaukar dauɗar kogin. Manhajar tsada da ake fasa makullinta a sa wa ɗalibai kuwa, ba ta ƙara wa sikeli gaskiya, sau da yawa ma ƙwayar cutar kwamfuta take shigowa da ita.

Akwai kuma wata matsala da nake zargin tana cikin samfuranki, ko da yake ba ki ambata ba. Kin ce kin busar kin rairaye. Samfuri mai laka haka, idan ya bushe a tanda, yumɓun yakan dunƙule ya zama 'yan gudaji masu tauri. Ki ɗauki abin da ya tsaya a rariyar 250, ki zuba kaɗan a tafin hannu, ki ɗiga ruwa ki murza da yatsa. Idan ruwan ya yi kalar ƙasa, wasu ƙwayoyin suka narke, to ba yashi ba ne, laka ce ta sa rigar yashi. Ma'ana giram 28 ɗin ma ya gaza ainihin abin da ke akwai. Samfuri irin wannan da ruwa ake fara tace shi a rariyar 63, bayan an cinye ruɓaɓɓen ganye da hydrogen peroxide, an jiƙa shi da sodium hexametaphosphate don ƙwayoyin su saki juna. Abin da ya tsaya a sama shi za ki busar ki rairaye, minti 10 zuwa 15 a injin girgiza. Abin da ya wuce shi za ki auna da wata hanya.

Hanyar ko dai fifet ko haidiromita, waɗanda suka dogara da ƙa'idar Stokes ta saurin nutsewar ƙwaya a cikin ruwa, ko kuma injin leza idan ɗakin gwajinku na da shi. Fifet na son haƙuri: a zafin digiri 20, ƙwaya mai maikiron 2 tana ɗaukar kusan awa 8 kafin ta nutse santimita 10. Amma kina iya jera silinda da yawa a rana ɗaya, ki raba musu lokacin farawa, kuma ba duk 24 ɗin ke buƙata ba, sai waɗanda kwanonsu ya wuce kashi 5.

In leza kika samu, ki yi hattara wajen haɗa sakamakon. Rariya nauyi take ba ki, leza kuwa kaso na girman jiki. Kashi 100 na leza kashi 28 ne kawai na samfurinki, don haka kowane aji sai kin ninka shi da 0.28 kafin ki jera shi ƙarƙashin na rariya. Na ga waɗanda suka manna su kai tsaye, jimla ta kai 172, manhaja ta karɓa ta mai da shi kashi 100 ba tare da ta ce uffan ba. Sannan ƙwayar yumɓu falle ce kamar ɓawon kifi, leza kan gan ta da faɗinta, ya ɗauke ta babba. Konert da Vandenberghe sun nuna a 1997 cewa abin da fifet ke kira maikiron 2 ya yi daidai da kusan maikiron 8 a leza. Saboda haka ki faɗi hanyar da kika bi a fili, kada kuma ki gwama kason yumɓunki na leza da na wanda ya yi da fifet kamar awo ɗaya ne.

Idan lambobin gaskiya sun shiga, ki kula da ginshiƙin da kike kwafa. GRADISTAT na fitar da Folk da Ward iri biyu, na maikiron da na φ. Daidaituwa 1.3 a ginshiƙin maikiron na nufin ƙwayoyi sun daidaita da kyau, don 0.35φ shi ne 1.27, 0.5φ kuma 1.41. Amma 1.3 a ginshiƙin φ na nufin ba su daidaita ba. Alamar karkata ma juyawa take tsakanin ginshiƙan biyu. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa daga farkon babi zuwa ƙarshe. Ki kuma dubi zanen kowane samfuri da idonki. Idan ƙololuwa biyu gare shi, ɗaya a yashi ɗaya a laka, matsakaicin zai iya faɗawa a tsakiya, a girman da kusan babu ƙwayarsa a samfurin, sai ki ba da rahoton ƙololuwan biyu.

In kuma ƙaddara ta sa an zubar da garin kwanon, kuma ba ki da ragowar ɗanyen samfuri, ba ki rasa komai duka ba. D50 ɗinki, wato girman da ya raba samfurin gida biyu daidai, na nan da ƙarfinsa tunda yana cikin abin da rariya ta auna, haka φ5 da φ16, haka kason tsakuwa da yashi da laka, wanda ya isa ki sa kowane samfuri a kan alwatikan Folk na tsakuwa da yashi da laka. Ki ba da waɗannan, ki rubuta ƙarara cewa ba a lissafa daidaituwa da karkata ga samfuran da lakarsu ta wuce kashi 5 ba, ki faɗi dalili. Gobe da safe ki fara da leƙa ɗakin gwaji ki tabbatar ledojin kwanon na nan da lambobinsu, sannan ki je wurin malaminki da lissafin giram 28 ɗin nan a rubuce da hannunki, ki nemi ya sama miki silinda da fifet. Allah ya ba da sa'a.