Ku Tambayi Baba Malam: Ƴan CM2 da maganar tramol

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ya ƙoƙari ya jiki. Ni malama ce a wata makarantar firamare a nan Garwa ta arewacin Kamaru, ina riƙe da ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, yarana sun haura 80 kuma kasan wannan shekarar ta CEP ce, jarrabawar gama firamare, ga konkur na shiga siziyem, ajin farko na sakandare, lokaci ba ya isa. Direktanmu ya ce lallai mu saka maganar shaye-shaye cikin darasin kimiyya amma bai ce ga yadda za a yi ba. Abin da ya tayar min da hankali shi ne kwanakin baya na ga katin tramol a jakar wani yaro, da na tsare shi sai ya ce yayansa ne ɗan kalando, wato ɗan acaɓa, ya aike shi ya sayo. Dan Allah Baba ta ina zan fara? Bamu da kayan gwaji ko ɗaya, kuma ina tsoron kar garin faɗakarwa in buɗe wa wanda bai sani ba ido. Daga wata malama, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya yi albarka. Tsoron da kike ji na buɗe musu ido ki ajiye shi gefe, yaron da ke CM2 a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ya riga ya ga mai tebur yana sayar da ƙwaya a tasha, ya ga masu shaƙar sholisho a bayan kasuwa, wani ma a ɗakin samarin gidansu ake yi. Idonsu a buɗe yake. Abin da basu sani ba shi ne me abin yake yi a cikin jiki, toh wannan kuwa aikinki ne, kuma darasin kimiyya ne tsantsa ba sai kin ware masa wata rana ta wa'azi ba.

Ki fara da jikinsu. Ranar farko kar ma ki ambaci ƙwaya. Ki sa kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa har ya ji bugun jini, ki duba agogon wayarki su ƙirga na daƙiƙa 30 su ninka sau biyu, kinga ga lissafi ya shigo a kyauta. Yaro mai shekara 11 ko 12 in yana zaune yawanci za ki samu tsakanin 70 da 100 a minti ɗaya. Sai ki kora su su zaga fili da gudu su dawo su sake ƙirgawa, su rubuta lambobin biyu a allo. Daga nan tambayar za ta fito daga bakinsu, Malama me ya sa ya ƙaru? Sai ki ce naman jiki ne ke neman ƙarin iska da abinci, zuciya ce ke tura jinin da ke kai musu, kuma duk abin da mutum ya haɗiya ko ya shaƙa wannan jinin ne zai kwasa ya kai ko'ina har ƙwaƙwalwa. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ginshiƙin komai, ki maimaita ta har su haddace.

Sai huhu. Ki samu gorar ruwa ta roba ki yanke gindinta, ki zura balan-balan ɗaya ta baki ki naɗe bakinsa a bakin gorar, ki yanka wani balan-balan ki rufe gindin da shi ki ɗaure da kyauro. In kika ja robar ƙasa na ciki zai kumbura, in kika tura zai motse, haka tantanin da ke ƙasan huhunmu yake yi duk numfashi. Kuɗin abin bai kai na ƙosan safe ba, kuma da yara 80 gara ki raba su gungu-gungu kowane gungu ya kawo gorarsa ya haɗa da hannunsa, za a yi hayaniya wallahi amma hayaniya ce mai amfani. In sun gane huhu sai ki kawo maganar hayaƙin taba, wanda ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000 kuma kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, sannan sholishon masu faci da fetur ɗin zuwa-zuwa, wato na ƴan bumburutu, da wasu yara ke shaƙa, tururinsu ta huhu yake bi ya faɗa jini, cikin ƴan daƙiƙu ya isa kai, kuma yana iya rikita bugun zuciya ta tsaya farat ɗaya ko da ranar ce mutum ya fara. Yaron da ya ƙirga bugun zuciyarsa da yatsansa jiya, in kika faɗi haka yau zai ji maganar har ransa.

Yanzu tramol. Ke kanki ki fara saninsa sosai. Sunansa na asali tramadol, wani kamfani a Jamus ne ya haɗa shi a 1962 aka fara sayarwa a 1977, maganin ciwo ne mai ƙarfi dangin su kodin da mofin, likita na rubuta shi bayan tiyata ko karaya. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babban mutum ba a so ya wuce miligiram 400 a yini, ƴan ƙasa da shekara 12 kuwa ba a ba su. Wanda ke yawo a kasuwanninmu akwai mai 120 akwai mai 225, kinga biyu kawai na mai 225 sun zarce iyakar, alhali akwai masu watsa huɗu biyar a shayi ko Nescafé da safe. Waɗannan lambobin naki ne ke kaɗai, kar ki rubuta su a allo, kar ki kawo katin aji, kar ki faɗi farashi ko wurin saye. Abin da yara za su ji shi ne yadda yake aiki: gajiyar na nan ba ta tafi ba, saƙon gajiyar ne yake toshewa kar ya isa ƙwaƙwalwa, kamar ɗan kalando ne ya liƙe allurar mai da tef don kar ya ga ta sauka, man dai ƙarewa yake. Jiki kuma yana sabawa, wanda ya ishe shi bara ba zai ishe shi bana ba, in ya rasa sai zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, in ya yi yawa sai jijjiga irin ta farfaɗiya ko numfashi ya yi ƙasa. Ki tambaye su me zai faru in jijjigar ta kama mutum yana kan babur a gadar Binuwai da fasinja a baya, ki bar su su ba da amsar da kansu.

Kuma ƴata kar ki yi musu ƙarya don ki tsorata su, wannan shi ne kuskuren da na fi gani wurin malamai. In kika ce duk wanda ya sha sau ɗaya zai haukace, yaron nan yana kallon yayansa kullum yana sha yana fita aiki har yana ba shi ɗari na alawa, a ransa zai ce Malama bata san komai ba, shikenan sauran gaskiyar da kika faɗa ma ta bi ruwa. Ki faɗa musu e, da farko mutum yana jin kamar ya ƙara ƙarfi, shi ya sa ake sha, ga kuma abin da ke biyo baya.

Akwai labarin da nake so ki ba su don a ƙasarmu ya faru. A 2013 wasu masu bincike suka sanar cewa sun samu tramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, duniya ta ɗauka bishiyar ce ke yin sa da kanta. A 2014 wasu masana daga Jamus tare da ƴan Kamaru suka sake dubawa, suka ga tafashiyar kudu babu komai a cikinta, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru kuwa har a ƙasa da ruwa da saiwar wasu itatuwa akwai shi, ashe manoma ne ke ɗura wa shanun huɗa tramol don su jure aiki a rana su ma suna sha, yana fita ta fitsari da kashi ya shiga ƙasa saiwa ta zuƙa. A 2016 wani gwajin ya nuna lallai na masana'anta ne. Cikin labarin nan kaɗai akwai yadda saiwa ke shan ruwa, akwai aikin ƙoda, akwai gurɓatar ƙasa, ga kuma yadda masana ke sake gwada maganar juna, duk suna cikin abin da ake so ɗan CM2 ya sani.

Sannan ki sa su yi ɗan wasan kwaikwayo na minti biyar, ɗaya ya zama babban yaya mai aike ɗaya ƙane. A al'adarmu yaro ba ya ce wa babba a'a, nan ne wahalar take, don haka ki taya su nemo kalmomin da za su fita ba tare da rashin kunya ba, irin su Yaya Baba ya hana ni zuwa wurin, ko Malama ta ce za ta tambaye mu. Aiken nan shi ne ƙofar, mai sayarwa ya san fuskar yaro yaro ya san hanya.

Shi kuma yaron kar a fito da shi gaban tuta a zane shi, in aka yi haka daga ranar sunansa ɗan tramol har ya bar makarantar, kuma babu wanda zai sake faɗa miki gaskiya. Ki sanar da direkta, ku kira mahaifinsa ko mahaifiyarsa ku yi magana a ofis, a kuma tayar da batun aiken yara a taron iyaye ba tare da kama suna ba. In kin ga alamar shi ma yana sha, yawan gyangyaɗi ko ƙaiƙayi ko rama, asibiti za a kai shi, wanda jikinsa ya saba ba a yanke masa lokaci guda sai da likita.

TAMBAYA: Baba Malam barka da aiki. Ɗana ɗan CM1 ya dawo gida yana cewa wai malaminsu ya ce goro da shayi ma ƙwaya ne, har yana kallona in na ɓare goro. Wannan ba raina iyaye ake koya musu ba? Daga wani uba, Kusseri.

AMSA: Alhaji ka yi haƙuri, dariya ta kama ni don nima goron yana aljihuna yanzu haka. Malamin bai yi ƙarya ba, sai dai ya gajarta bayani. Goro da shayi da kofi duk suna da sinadarin kafeyin, shi ke kore barci ya ɗan ƙara bugun zuciya, kuma shi ya sa in ka wuni baka ci ba kanka ke sarawa, ka tuna kwanakin farkon azumi. Amma goro ba ya gusar da hankali, babu wanda ya ci goro ya manta hanyar gidansu, kuma ma'aunin addini a bayyane yake, duk abin da ke sa maye haramun ne. Ka zaunar da yaron ka faɗa masa haka, ka ƙara da cewa shayi mai kauri da daddare ba na yara ba ne don yana hana su barci su je aji suna gyangyaɗi. Wanda ya kamata a duba a gidajenmu shi ne sigari da taba gari ta tsofaffi, su nikotin ke ciki kuma kamunsa ba wasa ba ne, ga shisha da gwamnatin Kamaru ta haramta tun 2022 amma har yanzu samari na ganin gayu ce. Yaron da ke tambayarka ido da ido kuwa kar ka kashe masa baki, gobe in aka miƙa masa wani abu a bakin gadar Ngeli da ta haɗa Kusseri da Njamena, kai zai fara zuwa ya tambaya.

TAMBAYA: Salam Baba. Sabon malami ne ni a wata makarantar unguwa a Njamena, wane gwaji zan yi wa yara wanda ba sai na kashe kuɗi ba? 

AMSA: Ɗana ka je kicin ɗin gidanku. Ka jiƙa zoɓo, wanda kuke ce wa karkanji mu a nan folere, kar ka sa sukari, ka tace ka zuba a kofuna uku masu haske. Na farko ka bar shi haka, na biyu ka matsa lemun tsami zai ƙara ja ya yi haske, na uku ka zuba ruwan kanwa ko ruwan toka zai juye ya yi duhu-duhu ya koma wajen kore. Kafin ka zuba ka sa su yi hasashe su rubuta, bayan nan su kawo nasu, ruwan tsamiya, ruwan sabulu, nono, su raba masu tsami da masu kanwa. Gwaji na biyu randa: ka cika randa da bokitin roba da ruwa ɗaya da safe ka ajiye su a inuwa guda, da azahar su taɓa su ji, ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa yana tafiya da zafi, aikin da zufa ke yi a jikinmu kenan, kuma a watan Afrilu na Njamena bambancin ba ya ɓuya. Doka ɗaya tak ka kafa tun ranar farko, ba a ɗanɗana komai a darasin gwaji ko da zoɓo ne, in an gama ka zubar da kofunan da kanka kafin a fita hutun tara.