Injin hannu ko na sitiyari: wanne ya dace da jirgin masunci?

Tambaya: Malam, ina kamun kifi a tafkin Kainji, ta wajen Yawuri. Na tara kuɗin inji, wasu na cewa in sa sitiyari a tsakiyar jirgi, wasu na cewa in bar shi da hannunsa, wato sandar da ke jikin inji da ake tuƙi da ita. Jirgina na katako ne, mu uku muke fita da raga. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ga jirgi irin naka, ka ɗauki mai hannu.

Babban dalilina fili ne. Akwatin sitiyari yakan zauna daidai inda kuke tara raga da kwandunan kifi, ga wayoyin tuƙi da na giya da za su bi gefen jirgi har zuwa inji. Duk wanda ya taɓa jan jiƙaƙƙiyar raga ya san ba ta ganin ƙusa ko waya ta wuce ba ta maƙale ba. Mai hannu kuwa, kana zaune a baya, cikin jirgi duka na aiki ne.

Sai juyi. Hannun inji a haɗe yake da injin kansa, da ka tura shi jirgi ya amsa nan take. Wannan yana da amfani ƙwarai a Kainji, domin tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya rufe gonaki da itatuwa, kuma idan ya ja baya kututture da tudun yashi sukan matso kusa. Kana kusa da inji, da ka ji farfela ta taɓa wani abu ko ciyawa ta naɗe ta, sai ka ɗaga shi. Sabon hannu ya kiyaye: in ka tura hagu, goshin jirgi dama zai yi.

Gyara ma da sauƙi. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40 makanikan bakin ruwa sun san shi ciki da waje. Wayar sitiyari kuwa tsatsa take yi ta cije, kuma samunta sai an je babban gari.

Ba na raina sitiyari. In inji ya kai doki 60 zuwa sama, ko tafiyarka ta sa'o'i ce da lodi da fasinja, riƙe hannu zai gajiyar da kafaɗarka, kuma daga tsakiya ka fi ganin gabanka idan iskar hunturu ta tayar da ruwa.

Matsalar mai hannu ita ce nauyi ya taru a baya, goshi ya ɗaga sama. Ka mayar da jarkar mai da mutum ɗaya gaba. Kuma don Allah, jar igiyar nan mai kashe inji da zarar an fizge ta daga jikinsa, ka ɗaura ta a hannunka duk fita. In ka faɗa ruwa ba ta jikinka, inji zai karkata gefe guda, jirgin ya dinga zagaye yana dawowa kanka da farfela.