Hirar fim a shagon ɗinki: cin naman mutane ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ce a Zariya, mu biyar ne a shago ɗaya. Akwai wani shiri mai dogon zango da muke bi, duk ranar da aka saki sabon kashi, washegari ba mu da hira sai tasa, keke na tafiya baki na tafiya. Wannan ta ce uwar mijin nan muguwa ce, waccan ta ce an ja labarin har ya gundure ta, wata ta ce jarumar ko kuka ba ta iya ba. Wani lokacin hirar takan zarce, a ce wance ta yi bilicin, ko an ce aurenta ya mutu saboda kaza. Akwai kuma ɗayarmu da ta iya kwaikwayon tafiyar wani jarumi, mu yi ta dariya. Rannan wata Hajiya da ta kawo ɗinki ta ji mu, ta ce mu ji tsoron Allah, naman mutane muke ci. Na ce mata ai su suka fito da kansu duniya ta gani. Malam, wace ce mai gaskiya a cikinmu? Kuma 'yan fim ɗin Indiya da ba Musulmi ba fa?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi albarka a sana'a, ya saka wa Hajiyar da alheri.

'Yar uwa, hirar da kika kawo ba iri ɗaya ba ce, don haka ba za ta hau hukunci ɗaya ba. Cikinta akwai halal tsantsa, akwai haramun da babu shakka a kansa, kuma yawanci a zama ɗaya ake yin su, wani lokacin ma a jimla ɗaya. Hajiya ta yi daidai a wani ɓangare, ke ma kin yi daidai a wani, sai dai hujjar da kika kafa ba ta kai inda kike so ta kai ba.

Mu fara da ma'auni. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai ko sun san mece ce giba, sannan ya ce ita ce ka ambaci ɗan uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce, to idan abin yana tare da shi fa? Ya ce idan yana tare da shi ka yi gibarsa, idan kuwa babu ka yi masa ƙage. Kin ga ke nan sai an sami mutum na gaske, sananne, mai mutuncin da za a taɓa. Uwar mijin cikin shirin nan ba kowa ba ce. Marubuci ne ya zauna ya ƙirƙire ta, ya sa mata mugunta da gangan don ku ji haushinta. Ki kira ta muguwa, ki kira ta azzaluma, ki yi fatan asirinta ya tonu a kashi na gaba, babu wanda zai riƙe ki ranar ƙiyama a kan haka.

Wannan kuwa yana da tushe a sunna. A hadisin Ummu Zar'in da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Nana A'isha (RA) ta ba Annabi (SAW) labarin wasu mata 11 da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na mazajensu ba. Ta farko ta kamanta mijinta da naman ramammen raƙumi a kan dutse mai wuyar hawa. Wata ta ce nata in ya ci sai ya share kwano, in ya sha ba ya ragewa. Annabi (SAW) ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba, sannan ya yi nasa tsokacin, ya ce shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne ga Ummu Zar'in, wato ta ƙarshen matan, wadda ta yi ta yabon mijinta Abu Zar'in. Malaman da suka yi sharhin hadisin sun ce ba da wannan labari bai zama giba ba, domin mazajen ba a san ko su wane ne ba. Alƙali Iyad, mai Ashshifa da ake karantawa a zaurukanmu, littafi guda ya rubuta a kan fa'idojin wannan hadisi kaɗai. To idan labarin mutanen da ba a sani ba bai zama giba ba, ina ga wadda ba a taɓa haifa ba?

Haka nan auna aikin kansa. An ja labari, ƙarshen bai yi ma'ana ba, an saka likita yana magana kamar bai taɓa shiga asibiti ba, sauti ba ya fita: duk wannan kamar mai ɗinki ce ta dawo miki da riga ta ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wanda ya kai haja kasuwa ya yarda a taya, ya yarda a kushe. Annabi (SAW) da kansa ya auna maganar mawaƙa, inda ya ce mafi gaskiyar kalmar da wani mawaƙi ya faɗa ita ce ta Labid, cewa duk abin da ba Allah ba ɓatacce ne. Ko cewa jarumar ba ta iya kuka ba yana cikin wannan babi, matuƙar abin da kika gani kike faɗa, kuma ba don ki wulaƙanta ta ba. Ni dai na fi son a ce kukan bai yi kama da na gaske ba, don ya fi nisa da rauni. In kuma shirin na ɗauke da abin da zai ɓata yara, kika gaya wa maƙwabciya kada ta bar 'ya'yanta su kalla, wannan nasiha ce, lada za ki samu.

Inda ƙafa take zamewa shi ne lokacin da aka bar uwar miji aka koma kan matar da ta fito a uwar miji. Ita wannan tana da suna, tana da iyaye, wataƙila tana da 'ya'ya a makaranta da ake tsokana da abin da ake faɗa a kanta. Ta yi bilicin, ta yi ƙiba, dubi bakinta, tsufa ya kama ta: wannan giba ce cikakkiya, irin wadda aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta da cin naman ɗan uwa yana matacce. Kada ki raina ƙanƙantar kalmar. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha ta ce wa Annabi (SAW) kaza da kaza na matarka Safiyya ya ishe ka, tana nufin gajartarta, sai ya ce mata ta faɗi kalmar da in aka gauraya ta da ruwan teku sai ta rinjaye shi. Gajarta ce fa kawai, kuma kowa yana ganinta da idonsa. Ganin kowa bai halatta faɗa ba.

Nan ne amsar hujjarki take. Gaskiya ne Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare 6 da giba ta halatta, kuma cikinsu akwai mai bayyana fasiƙancinsa a fili. Amma a wurin ya sa sharaɗi: a ambace shi da abin da ya bayyana kaɗai, sauran aibobinsa suna nan a kan haramci. Wadda ta fito da shigar da ba ta dace ba a gaban kyamara, za a iya cewa shigar nan saɓo ce, don a guje ta. Wannan bai buɗe ƙofar aurenta ba, bai buɗe ta iyayenta ba. Abin da ta fito da shi duniya ta gani shi ne wasanta. Kuma ko a inda aka halatta, don a kawar da ɓarna aka halatta, ba don a ji daɗin hira ba. Kowa ya san bambancin biyun a zuciyarsa.

Maganar an ce aurenta ya mutu saboda kaza ita ce ta fi ba ni tsoro a duk tambayarki. Wa ya ce? Wata ta gani a waya, wadda ta sa a waya ita ma an ce ta ji. A gabatarwar Sahihu Muslim akwai hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Idan kuma kazan nan ya kai ga jifa da zina, to an bar giba an shiga ƙazafi, wanda yake cikin manyan zunubai 7 masu halakarwa, kuma aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke masa bulala 80 ga wanda bai kawo shaidu 4 ba. Ki karanta aya ta 15 a surar, inda Allah ya siffanta masu karɓar labari da harsunansu, suna ɗaukarsa abu mai sauƙi alhali mai girma ne a wurinsa. Da harshe fa ya ce, kamar maganar ba ta bi ta kunne da hankali ba. A gaskiya mun saba da sakin baki a kan 'yan matan fim har abin ya daina yi mana nauyi, kuma ba masu hirar shago kaɗai ba, har da wasu masu riƙe da lasifika. Mutum yana iya ƙin sana'ar, yana iya yin wa'azi a kan ɓarnar da ke cikinta, amma babu aya ko hadisin da ya ce wadda ta shiga fim mutuncinta ya zama ganima.

Batun mai kwaikwayo kuma sai an duba. A wannan hadisin na Safiyya, Nana A'isha ta ce ta kwaikwayi wani mutum a gaban Annabi (SAW), sai ya ce ba ya son ya kwaikwayi mutum ko da za a ba shi kaza da kaza. Idan tafiyar da take kwaikwayo jarumin ne ya ƙirƙire ta don a yi dariya, kuma da zai ga ana yi daɗi zai ji, da sauƙi. Idan kuwa halittarsa ce, ɗingishi ne ko in'ina da Allah ya jarrabe shi da ita, to izgili ne, aya ta 11 a Hujurat ta hana. Kiran ɗan wasa da laƙabin da ya yi suna da shi a fim babu laifi in don a gane shi ne, kamar yadda malaman hadisi suke kiran wasu maruwaita A'amash (mai raunin gani) da A'araj (mai ɗingishi).

'Yan Indiya da sauransu: malamai sun yi saɓani a kan gibar wanda ba Musulmi ba, saboda aya da hadisi sun ce ɗan uwanka. Amma ƙarya da ƙage haramun ne a kan kowa, kuma aibanta halitta taɓa aikin Mahalicci ne. Sannan ki sani da yawa daga cikin manyan jaruman Indiya sunayen Musulmi gare su, ba ki da hurumin fitar da su. Abin da ya fi yawa a wannan ɓangare ma ba kushe ba ne, yabo ne da ya wuce iyaka, a zauna ana zayyana surar namiji ko ta mace gaɓa-gaɓa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Mas'ud hanin mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana ganinta. In kin koma gida kina ba maigida labarin shirin, ki tuna da wannan.

Ban shiga hukuncin kallon kansa ba don ba shi kika tambaya ba, kuma yana bin abin da ke cikin fim ɗin ne da abin da ya shagaltar da ke daga gare shi. Abu ɗaya kawai: wanda ya faɗa wa kallon batsa ya yi shiru ya tuba, kada ya mayar da shi hirar safe, domin hadisin Bukhari da Muslim ya cire masu tallata saɓonsu daga waɗanda ake yi wa afuwa.

Abin da ya wuce, ku tuba, ku nema wa waɗanda kuka ambata gafara, tunda ba ku da hanyar isa gare su. In akwai wani ƙage da ya fita daga bakinki, ki ƙaryata shi a shagon da kika faɗe shi, a gaban waɗanda suka ji. Nan gaba kuma in hira ta karkata daga labari ta nufi mutum, ba sai kin yi wa'azi ba. Ki ce mu koma kan uwar mijin nan, kuna ganin za ta sha a kashi na gaba? In za ku rufe shago ku karanta kaffaratul majalis da Tirmizi ya ruwaito: Subhanakallahumma wa bihamdika, ash-hadu an la ilaha illa anta, astagfiruka wa atubu ilaika. Sai dai tana kankare surutun zama ne, haƙƙin mutum yana buƙatar tubar da na ambata.

Wallahu a'alam.