Amsa ga ɗan'uwan da yaronsa ya kashe motar rimot uku

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na natsu in amsa, don ka taɓo abin da na daɗe a cikinsa. Ka ce yaronka ɗan shekara 9 ya kashe motar rimot uku cikin shekara guda, duk na kasuwa, yanzu kana tunanin ko ka yi odar babba mai gudun tsiya irin wadda kuke gani a bidiyo, ko ka ce masa wasan ya ƙare. Ni dai shawarata kada ka yi ko ɗaya. Ka nemi mota wadda ake kwancewa a ɗaure, wadda ake samun kayanta ɗaya-ɗaya, ku riƙa gyaranta kai da shi. Gudu yana nan zuwa daga baya.

Kada ka ga laifin yaron. Motocin da ake zubawa a babbar kasuwa gab da Salla don daɓen siminti aka yi su. Giyarsu ƴar siririyar roba ce, allon wuta guda ya haɗa komai, in haƙori ɗaya ya karye ba inda za ka samu irinsa. Yashin Maradi kuwa ba ya raga wa kowa. In kana son bambancewa tun a wurin saye, riƙe rimot ɗin ka murɗa sitiyari kaɗan. In tayoyin gaba sun karkata daidai yadda ka murɗa, ka ƙara su ƙara, to mota ce ta gaske. In sun fizga gaba ɗaya hagu ko dama, ba tsaka-tsaki, ajiye ta. Haka za ka gwada totur.

Ni da kara na fara. Mahaifina gyaran rediyo yake yi a wata ƴar rumfa kusa da kasuwa, shi ya koya mini ɓare karan dawa, a soka ɓawon cikin totuwa a tada gangar mota, a yanko taya daga tsohon silifa. Daga nan muka koma motar waya mai dogon sitiyari har ƙugu. Ina lakwal aji huɗu kawuna ya dawo daga aikin hajji da tsarabar motar rimot, mai maɓalli ɗaya tak: tana tafiya gaba, in ka danna ta ja da baya tana karkata. Mako biyu ba ta cika ba ta tsaya. Na yi kuka har na ƙi cin tuwo. Baba bai yi mini faɗa ba. Bayan isha'i ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya jawo fitila, ya kwance motar, kowane noti ya sa shi cikin marfin kwalba, ya jera su bi da bi yadda ya ciro su. Ya nuna mini zare da gashi da suka naɗe sandar taya, da yashi a tsakanin haƙoran giya. Ya share da gashin kaza. Sai ya miƙo mini wayoyin batir ya ce in taɓa su a bayan injin da hannuna. Injin ya yi zirrr a tafina. Har yau da nake aikin haɗa wutar sola, daga wannan daren nake ƙirga farkon sana'ata.

Sai da na girma na san cewa a waɗannan shekarun ma, a Japan, kamfanin Tamiya yana sayar da mota a wargaje cikin kwali, mai ita ya haɗa da kansa. Motarsu ta farko mai rimot ta fito a 1976, Porsche 934 ce. A 1984 suka fito da Grasshopper da Hornet, bayan kamar shekara ashirin kuma suka sake buga su, lokacin yaran da suka haɗa su a da sun zama iyaye. Grasshopper da ƙaramin inji mai lamba 380 take zuwa, amma an bar wurin da za a ɗaura babba mai lamba 540 in hannun yaro ya faɗa. Ka ga tun daga masana'anta an tsara a fara a hankali. Kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka, wanda aka kafa a 1986, shi ya yi suna da sayar da mota a haɗe, ka yi caji kawai ka tuƙa. Waɗannan suna da kyau amma da tsada, kuma kafin kayan gyaransu su iso Maradi an sha jira. Abin da ya fi yawa a hannunmu nan ƙirar Sin ce, irin su WLtoys, ta hannun masu odar kaya ko masu zuwa Kano.

Lambar da za ka gani a kwali, 1/10 ko 1/12 ko 1/16, tana nufin girman motar in an kwatanta da ta gaske. 1/10 kashi ɗaya ne cikin goma. Don ƙasarmu ka ɗauki 1/10 ko 1/12 mai manyan tayoyi, wadda ƙafa huɗu ke ja, cikinta ya ɗaga daga ƙasa. Ƙananan nutsewa suke yi a yashi. Kafin ka biya ko dala, rubuta lambar motar a intanet ka ga ko ana sayar da giyarta daban, da hannuwan da ke riƙe taya, da sandunan da ke juya ta. In ba ka gani ba, bar ta komai arharta. In ka gani, sa babbar giya biyu da hannuwan gaba cikin odar tun farko, don su ke fara tafiya. Mai shan mai kuma ka manta da ita. Yawanci ba fetur take sha ba, wani haɗi ne na musamman da ba a samu a nan, ƙura kuma tana cinye injinta.

Rimot ɗin ya zama mai 2.4 GHz, wato lambar tashar da yake aika wa motar saƙo a kai. Na zamaninmu masu doguwar eriya, 27 MHz da 40 MHz, in mota biyu sun haɗu a lamba ɗaya sai rimot ɗinka ya riƙa tuƙa ta maƙwabci. Na yanzu kowanne da motarsa yake ƙullawa, ko goma ne a fili ba rikici. Da yawansu suna da maɓallin rage ƙarfin totur. Sa wa yaron a rabi har sai ya iya juyo da motar tana fuskantarsa bai ruɗe ba, don a nan hagu ke komawa dama, kuma a nan ake yawan dukan bango.

Yanzu ga inda na fi so ka saurara. Abokan gabar motarka a garin nan biyu ne, yashi da zafi, kuma duk kuɗin da za ka fara kashewa a kansu ya kamata ya tafi. Duba cikin tayoyin: in zoben roba ne ko na tagulla sandar ke juyawa a ciki, canza su da boris mai murfin roba. Wannan kaɗai yana sa motar ta saki jiki, batir ya ƙara daɗewa. Kada ka shafa giris a giyar da ke waje. Giris in ya haɗu da yashi ya zama dutsen niƙa, cikin kwana kaɗan haƙoran sun side. Wurin giris shi ne cikin rufaffen akwatin giya kawai. Wajen ɗaura inji, yanko ƴar takardar littafi ka sa tsakanin ƙaramar giya da babba, ka matse su, ka ɗaure noti, sannan ka zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ne daidai. Akwai ƙananan huda a jikin wilin taya, liƙe su da salatif, in ba haka ba yashi zai cika cikin tayar ta riƙa rawa. Ƴar na'urar da ke karɓar saƙon rimot kuma ni cikin balan-balan nake sa ta in ɗaure bakin. Bayan kowane fita a share da tsohon buroshin haƙori, a ciro karangiyar da ta naɗe sanduna, a duba jikin inji, don maganaɗisun cikinsa yana jawo baƙin garin ƙarfe daga ƙasa. Da hunturu aikin ya ninka.

Zafi kuwa, ka san watan Afrilu da Mayu yadda muke wuce digiri 40. Ɗora yatsa a jikin injin bayan ƴan mintuna. In ba ka iya ƙirga biyar ba ka ɗauke, ya yi zafi, a huta. In kullum haka yake yi, sa ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora: gudu zai ragu kaɗan, zafi ya sauka. Rairayin gulbi da rani yana da daɗin kallo in mota tana watsa shi, amma shi ya fi dafa inji. Fako mai tauri ya fi, da safe ko bayan la'asar.

Batir shi ne abin da ba na wasa da shi, kuma ina roƙonka kada ka bar wa yaro cajinsa. Iri biyu za ka tarar. NiMH, mai ƙwaya shida da volt 7.2, yana da nauyi amma yana da haƙuri, shi ya dace da farawa. LiPo ya fi ƙarfi da sauƙin nauyi, sai dai yana da sharuɗɗa. Kowace ƙwaya volt 3.7 ce, in ta cika 4.2, kuma kada ta sauka ƙasa da 3.0. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen 3.8, ba a cike ba. Wanda aka rubuta wa 2S ƙwaya biyu ne, volt 7.4, ya ishe ku. Sai da caja mai daidaita ƙwayoyi, kuma batir mai 2200 mAh, wato lambar yawan cajin da yake ɗauka, kada a ba shi fiye da amfiya 2.2 wajen caji. Wata bazara na bar ɗaya a cike ƙarƙashin kujerar babur daga hantsi zuwa azahar. Da na buɗe ya kumbura kamar fanke, yana ɗumi. Gabana ya faɗi, don da a ɗakin yara ne ban san abin da zai faru ba. Na kai shi bayan gida na sa a bokitin yashi, ban sake amfani da shi ba. Tun ranar cikin tukunyar ƙasa nake caji, a kan siminti, ina zaune kusa, ba a kan katifa ba, ba kuma a bar shi a kwanta barci ba. Yawancin irin wannan caja da volt 12 suke aiki, saboda haka ko an ɗauke kuran, batirin sola ya wadatar.

Injin da ake rubuta wa brushless, wato marar gawayi, shi kowa ke ɗoki, kuma shi ne na ƙarshe a layi. Lambar KV da ke jikinsa tana faɗin yawan juyinsa a minti kan kowane volt: mai 3300 a kan batir 7.4 ya haura juyi 24,000 in ba ya jan komai. Lokacin da na sa wa tawa, babbar giya ta fara sidewa, na canza, sai sandar baya ta murɗe, sai hannun gaba ya karye a jikin dutse. Ƙarfin da ka ƙara wurin da ya fi rauni yake nema. Kuma mota mai nauyin kilo biyu in ta taho da wannan gudun ta sami idon sawun ƙaramin yaro, sai asibiti. A kan gudron kuwa, cikin kabu-kabu, ko da wane inji ne kada ku hau. Kafin marar gawayi, sa kuɗinka a na'urar sitiyari mai haƙoran ƙarfe da man silikon na shokazoba. Za ka ga motar ta daina tsalle-tsalle, tana bin hannu.

Yau ɗiyata mai shekara 12 ita ke kwance tamu, ƙanenta yana riƙe mata marafan kwalba, don tsarin Baba ba mu canza shi ba. Shi kuma tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni, amma in muna gwaji a tsakar gida yana kan kujerarsa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kun matse giyar nan, ku ji yadda take kuka." In aka duba haka ne. Da murfin motar ya fashe ban yi odar wani ba. Yaran suka yanko tsohuwar jarka, suka gasa ta kaɗan suka lanƙwasa, suka yi mata fenti irin na manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Ɗan Isa, har da rubutun "Allah ya kiyaye hanya" a baya. Kakansu ya shafa ta da hannu tun daga gaba har baya, ya ce a ƙara mata ƴar rumfa a kan direba. Yaran unguwa masu motar waya su ma muna ba su rimot bi da bi, da sharaɗin wanda ya tuƙa shi zai share.

Waɗannan ukun da suka mutu kada ka zubar. Akwai inji, da maɓalli, da tayoyi, da waya a cikinsu, sau da yawa ana tada ɗaya daga uku, kuma a kansu ya kamata yaron ya fara koyon riƙe sukudireba kafin sabuwar ta iso. Mu kan fita ran Lahadi bayan la'asar, a wani fako ta hanyar Madarunfa. Ka zo da shi da motocin a leda, ka taho da farin ƙyalle da marafan kwalba kamar goma. Allah ya raya mana su.